Ranar da Na Wanke wa Malama Akwatin Mazari

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a shekarar da aka buga gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a nan Amurka, a makon da Italiya ta fitar da 'yan wasanmu na gida bayan har mun fara murna. Mutanenmu da ƙwallo suke tuna makon nan. Ni kuwa da wani akwatin gilashi nake tuna shi, wanda na wanke da hannuna, da zuciya ɗaya, ba tare da kowa ya sa ni ba.

A lokacin shekarata arba'in da shida. Na zo New York ne a matsayin kukun wani babban ma'aikacin jakadanci, da aka mayar da shi gida sai na zauna, na samu aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a Manhattan. Muna zaune a unguwar Mount Hope da ke Bronx, hawa na huɗu, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu. Alƙur'ani na sauke tun ina saurayi, ajami kuma ina rubuta shi kamar ruwa. Boko ne ban taɓa shiga ba. Duk takardar da ta zo daga mai gida ko daga asibiti, sai na ɗauka na je na ƙwanƙwasa wa maƙwabci ƙofa. Da abin ya ishe ni, sai na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi a ɗakin ƙasa na wani gini kusa da titin Grand Concourse, Talata da yamma da kuma Asabar ƙarfe goma na safe.

Malamarmu dattijuwar Baturiya ce, Malama Agnes, ta kusa shekara saba'in. Ta yi ritaya daga koyar da kimiyya a sakandare, ta zo tana koyar da mu kyauta. Mu goma sha biyu ne a ajin, kuma a ganina (ban taɓa tambayar ra'ayin kowa ba) ni ne na ɗaya. Shekara biyu ban makara ba. Ina karanta sunan tasha a jirgin ƙasa mai lamba D kafin a faɗa, ina karanta abin da ke jikin gwangwani. Abu guda ne ya gagare ni, wato rubutun hannun Malama, irin wanda baƙaƙen ke riƙe da wutsiyar juna. A allo tana ware mana su ɗaya-ɗaya, amma idan ta ɗauki jan biro ta yi rubutu a littafina, sai hannunta ya koma yadda ya saba. Ni kuwa sai in duba, in gyaɗa kai kamar alƙali, in ce na gode. Ban taɓa gaya wa kowa cewa ko kalma uku ba na tsinta a ciki ba.

Ranar Talatar da aka ci mu, ban je aji ba. Ko abinci ban iya ci ba, balle karatu. A ranar ce kuwa Malama ta kawo akwatin, ta yi wa aji bayani.

Bari in gaya muku abin da ta faɗa tun yanzu, ko da yake ni sai daga baya na ji, don ku san girman abin da na yi. Ƙaninta yana da fili can arewa, kusa da iyakar Kanada, a cikin dajin itatuwan nan masu ganye kamar allura. A tsakiyar dajin akwai wata fadama mai sanyi, ruwanta ja kamar shayi, gansakuka ta rufe ta. A nan ake samun wani irin mazari, ƙwaron nan mai dogon jiki da fukafukai huɗu da ke shawagi a kan ruwa. Wannan baƙi ne mai sheƙi, idanunsa kore shar, kuma ba ya rayuwa sai a irin wannan wuri. 'Ya'yansa a cikin taɓo suke girma, shekara da shekaru, suna kama da guntun laka mai ƙafafu. Idan lokaci ya yi sai ɗan ya hau kara ya fito daga ruwa, bayansa ya tsage, mazari ya fito daga ciki. Malama ta ɗebo guda uku tun suna ƙanana, da taɓonsu da ruwansu, ta ajiye a wuri mai sanyi a gidanta. Shekara uku tana ciyar da su da ƙananan tsutsotsi, duk bazara ƙaninta yana kawo mata ruwan fadamar a jarka. A makon nan ta ga alamar sun kusa fita, shi ne ta sa aka ɗauko mata akwatin zuwa ajinmu, don mu gani da idonmu mu rubuta abin da muka gani. Ita kanta ba ta taɓa ganin fitar irin wannan ba.

Na samu damar sani, ni ne na ƙi. Ranar Juma'a bayan an sallame, na haɗu da Idrisu a ƙofar masallaci. Idrisu direban tasi ne, mutumin Zangon Kumasi, kujerarsa na kusa da tawa a aji, kuma tsokanata ita ce sana'arsa ta biyu. Tun daga nesa ya fara.

"Bakano! Sannu da rashi. Yaya haƙuri? An yi sadakar uku?"

"Ku da ko zuwa ba ku yi ba, me za ku ce?"

"Mu ba mu zo ba, ba mu yi kuka ba. Kai, ka yi asara ran Talata. Malama ya kawo wani abu..." (Haka Hausarsu take, mace ma "ya" suke ce mata.)

"Riƙe labarinka," na ce, na sa takalmina na wuce.

Amma rashin zuwan nan ya tsaya min a rai. Mu yadda aka tarbiyyantar da mu, idan ka yi fashin karatu ba da baki kake ba da haƙuri ba. Sammako za ka yi, ka share zauren malam, ka wanke randa ka cika ta da ruwa, ka kakkaɓe buzu. Kuma wadda ta fi daraja ita ce hidimar da malam bai gan ka kana yi ba. Ya fito kawai ya tarar, ya dubi wurin, ya ce Allah ya yi albarka. Wannan albarkar nake nema.

Da safiyar Asabar maiɗakina ta gan ni ina haɗa bokiti da soso da sabulu, ga kuma babbar rigata ta shadda na naɗe a jaka.

"Malam, ina za ka da kayan wanke-wanke?"

"Makaranta."

"Su ba su da mai shara ne? Wa ya ce ka yi?"

"Ke ba ki san hidimar malami ba. Wanda aka ce ya yi ai aike ne, ba hidima ba."

"To, Allah ya ba da lada," ta ce, da irin muryar da take yi idan ta ga na ƙara gishiri a miyarta.

Ƙarfe takwas supa, wato mai kula da ginin, ya buɗe min ƙofa. Na share ɗakin tas, na goge allo da ruwa har ya yi baƙi wuluk, na jera kujeru kamar sahun salla. Sai idona ya kai lungun da ya fi sanyi, na ga wani akwatin gilashi irin wanda ake zuba kifin ado, an rufe shi da raga. Na matsa kusa. Ruwa ja, rabin akwatin taɓo, ruɓaɓɓun ganye, gansakuka, ga wasu karare a tsaye, ga wani wari kamar na kududdufi. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, baiwar Allah, kifayenta sun mutu, tsufa ya hana ta wankewa, kuma a cikin manyan mutane goma sha ɗaya da suka zo ran Talata an rasa mai tunani ko ɗaya.

Akwai takarda manne a jikin gilashin, layi uku, da hannun Malama, an ja layi biyu a ƙarƙashi. Na tsaya na dube ta da kyau. Na gane kalma ɗaya a layi na biyu, kalmar "ruwa". Shi ke nan, na ce, ga shi ma ta rubuta tana neman wanda zai canja mata ruwa. Na ɓamɓare takardar a hankali don kada ta jiƙe, na ajiye a gefe, na naɗe hannun riga.

Ina ɗaga ragar na ga wani abu a jikin kara, ya fito daga ruwa kamar taƙi guda. Launin laka, ƙafa shida, ya ƙanƙame karan ba ya motsi, bayansa ya kumbura. Ku yi min adalci a nan. Shekara ashirin da biyar ina aikin kicin, kuma duk kukun da ya ga abu mai wannan siffa, suna ɗaya yake ba shi. Na karkaɗe shi ƙasa, na cire takalmi, na yi masa bugu ɗaya. (Har na yaba wa kaina, don ko gudu bai samu ya yi ba.)

Sauran aikin bai ɗauke ni minti arba'in ba. Na tsiyaye jan ruwan a makwararar banɗaki, na kwashe taɓon da ganyen da kararen da gawar a baƙar leda, na ɗaure na kai bayan gini wurin shara. Gilashin kuwa na wanke shi sau uku, na ɗauraye, na goge da jarida har ina ganin haƙorana a ciki. A wanke abu dai ban san wanda ya fi ni ba a Bronx. Na cika shi da ruwan famfo garai-garai. Da ƙarfe tara ta yi, na fita zuwa wani kanti da ke sayar da tsuntsaye da kifi, na sayo jajayen kifaye biyu da fararen tsakuwoyi, na zuba. Sannan na ɗauko takardar Malama na mayar da ita inda take, na daidaita ta sosai don da farko a karkace take. Na wanke hannu, na saka shadda da hula, na zauna a kujerar gaba na buɗe littafina, ina jiran albarka.

Idrisu ne ya fara shigowa. Ko sallama bai gama ba ya tsaya cik.

"Bakano, ina ƙasan?"

"Wace ƙasa?"

"Ƙasan da Malama ya kawo. Da ruwan. Da itacen."

"Dattin nan? Na yi maganinsa. Ku kuna nan ran Talata kuna kallo."

Ya ɗora hannu biyu a ka. "Innalillahi! Cale, ka kashe mu." (Cale a bakinsu aboki ke nan.)

Wallahi na ɗauka hassada ce. Sauran suka riƙa shigowa, kowa ya dubi akwatin ya dube ni ya nemi kujera can baya. Na ce a raina, kunya ce ta kama su.

Sai ga Malama, da kyamara rataye a wuya, tana sauko da matakala da sauri kamar yarinya. Ba ta ko ajiye jaka ba ta nufi lungun. Ta tsaya. Kifayen nan biyu suna ta kai da kawo a gabanta. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Wa ya yi wannan?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Na miƙe, na gyara rigata a kafaɗa. "Ni ne, Malama. Ba sai kin gode ba."

"Da akwai wani abu a jikin kara?"

"Akwai kyankyaso ɗaya, babba. Kada ki damu, na kashe shi."

Ta laluba kujerar ɗalibi ta zauna. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta nuna gilashin da yatsa.

"Ka karanta takardar?"

"Ƙwarai kuwa," na ce.

"To karanta mana, Bakano," in ji Idrisu daga baya. "Mu ma mu ƙaru."

Na matsa gaban takardar. Na gyara tsayuwa, na yi gyaran murya, na matso da fuskata, na ja baya. Gumi ya fara bin bayana a cikin shaddar. Can Malama ta tashi, ta ɗauki alli, ta je allon da na goge, ta sake rubuta layukan uku da baƙaƙe warwatse, manya-manya. Ta ce in karanta. Na karanta da ƙarfi, kalma bayan kalma, kuma a shekara biyun nan ban taɓa karatu mai kyau irin wannan ba, ko tuntuɓe ɗaya babu:

"Kada a taɓa. Kada a canja ruwan. Akwai masu rai a ciki."

Kuna tsammanin na yi shiru daga nan? Da ta yi min bayanin da sauran suka ji ran Talata, sai da na yi musu. Na ce, "Malama, ki yi haƙuri, amma mazari na san shi tun ina yaro. Da damina yake zuwa, daga sama. Mun sha kama shi a bakin kududdufi. Ba a cikin laka yake ba."

Sai ta tambayi inda na kai ledar. Aka yi sa'a ba a kwashe shara ran Asabar. Muka fita bayan ginin gaba ɗaya, aka shimfiɗa jaridu a ƙasa, aka zazzage taɓon, aka raba mana cokulan roba daga ɗakin shan shayi. Na durƙusa da shaddata a kan siminti. Wanda na buga shi aka fara samu. Malama ta ɗora shi a tafin hannunta, ta ɗauko ɗan gilashin ƙara girma daga jaka, ta ce in duba. Bayansa ya riga ya fara tsagewa tun kafin takalmina ya same shi. A cikin tsagar na ga fukafukai a naɗe, jiƙaƙƙu, kamar sabon ganyen da bai buɗe ba. Ta ce da na bar shi awa ɗaya ko biyu, da a gabanmu zai fito. Daga nan musuna ya ƙare.

Mun fi awa muna tonon laka da cokali. Mutanen da ke saman bene suka leƙo ta taga suna kallon manya goma sha biyu da tsohuwa ɗaya suna binciken shara. Idrisu bai bar ni na huta ba.

"A hankali, Oga Kuku. Wannan ba miya ba ne, kar ka dama shi."

Hajiya Mariyama, wata 'yar Maraɗi da ke aikin jinyar tsofaffi, ita ce ta ɗaga wani dunƙulen gansakuka ta yi ƙara. "Ga ɗaya! Wallahi yana motsi!" Malama ta karɓe shi da hannu biyu, ta sa shi a kwalba da jiƙaƙƙiyar gansakuka da ɗan kara. Na uku ba a gan shi ba. Ya bi jan ruwan zuwa makwarara.

Da aka watse na tsaya. Na gaya mata yadda muke yi wa malamanmu a gida, da sharar zaure da cika randa, da abin da na zo nema. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ɗakin bai taɓa yin tsabta irin ta yau ba, kuma ta gode da wannan. Sannan ta ce in ba ta littafina. Ta riƙa buɗe shafi-shafi tana nuna min jan bironta, tana karanta min. Wani wurin ta ce aikina ya yi kyau, wani wurin ta ce in sake. Wuri huɗu kuwa abu ɗaya ta rubuta, cewa idan ba na gane rubutun hannunta in gaya mata. A duk wuraren huɗu na gyaɗa kai na ce na gode. Ta ce ita ma da laifinta, da ya kamata ta tambaye ni da baki. Wannan ya fi komai ƙona ni, tsohuwar da na yi wa ɓarna tana neman raba laifin da ni.

Wanda ya tsira ya fito ranar Litinin da safe a kicin ɗinta, tana wanka, ta fito ta tarar an gama. Ran Talata ta kawo shi aji a cikin kwali mai raga. Muka yi layi muna leƙawa. Siriri ne, baƙi, fukafukansa kamar gilashi. Na nemi koren idon ban gani ba, toka-toka ne. Malama ta ce koren sai ya yi kwanaki yana yawo a dajinsu yake zuwa. Washegari ta sa shi a mota ta yi tafiyar yini guda ta mayar da shi fadamarsu.

Kifayen kuwa ta ce in tafi da abina. Na shiga gida da su a cikin bokiti, shadda duk laka. Maiɗakina ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce, "Malam, albarkar ce wannan?" Sun shekara biyar a kan firjinmu suna cin abinci, ba abin da ya taɓa samun su.

Tun daga ranar na koyi faɗin "ban gane ba", kuma ina faɗin ta da ƙarfi, a banki, a asibiti, a gaban kowa. Rubutun hannu ma na iya shi kafin shekara ta zagayo. Har yanzu ina yi wa mutane hidima, don hali ne, amma sai na tambaya tukuna, ko da abin ya yi kama da datti, musamman ma idan ya yi kama da datti.

Abin da aka rasa a safiyar nan ga shi: 'ya'yan mazari biyu cikin uku, ɗaya a ƙarƙashin takalmina, ɗaya a makwarara. Shekara uku na kiwon Malama. Ruwan fadama cikin akwati guda. Darasin Asabar ɗaya na mutum goma sha biyu. Shadda ɗaya da lakar ba ta fita ba. Da kuma fitar mazari daga cikin ɓawonsa, wadda babu ɗayanmu da ya gani, har da ita.